Baiti Biyun Kaka Keziah

Litinin, 3 ga Nuwamba, 1924

Na fi shekara goma ina jin tsegumin: wai doguwar waƙar nan da nake yi da ka a bakin kabari duk sanda aka yi rashi a ƙauyen nan, akwai baiti biyu a cikinta da babban mawaƙin bai taɓa rubutawa ba. Na ɗauka surutun 'yan mashaya ne. Daga bakin kakata Keziah na ɗauke ta, tana kaɗin ulu, ni ina riƙe mata zare. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta ƙarya.

Yau sabon fasto ya maimaita mini, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. "Baba Jabez, ko za mu riƙa karantawa daga littafi?"

Laraba, 5 ga Nuwamba

Enoch, abokina tun muna kiwon tumaki a kan tudu, ya kwanta. Likita ya ce mako guda, ko biyu. Matarsa Tabitha ta aiko: ni yake so in yi masa waƙar. Na ce to. Na kasa cin cukun da na yanka.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ari littafin wajen malamar makaranta. Na bi shi da yatsa sau uku. Ƙararrawar coci tana nan, ciyawar kabari tana nan, tashin matattu yana nan. Inda tumaki ke saukowa daga tudu ranar ƙanƙarar farko, wata mace ta tsaya a bakin shinge tana kiran kowace da sunanta, babu. Babu!

Shekara arba'in da ɗaya ina yin ta. Mutum nawa na binne da ƙagen tsohuwa? Har da Martha, matata.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na je rafi, na dawo, na sake komawa. Na gwada waƙar ba baitocin nan. Sai ka ce keken doki da ya rasa ƙafa ɗaya.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na je duba Enoch. Ya rame, bakin dai yana nan. "Kai tsohon banza, ni ke mutuwa, kai ke ɓata fuska?" Na ce jiran sa nake ya tafi in huta da minsharinsa a coci. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da Tabitha ta fita haɗa shayi ya faɗa mini wani abu. Ba yau zan rubuta ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ya tafi da hantsi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

An binne shi. Ruwa ya yi ta yayyafi. Fasto ya miƙo mini littafin, na karɓa, na sa a hammata don kada ya jiƙe. Da na zo wurin baitocin nan sai na tsaya. Ban shirya ba, bakina ne ya ce, "Nan kuma maganar Keziah ce, ta gidan ƙarshen layi." Na yi baitocin duka biyu. Tabitha tana bi na da leɓe, haka ma rabin ƙauyen. Fasto ya tsura wa takalminsa ido. A wajen shayi ya zuba mini da kansa.

Ba wai na yafe wa tsohuwar ba ne. Amma ta binne 'ya'ya huɗu, kuma duk tsawon waƙar mawaƙin babu inda wani ya tsaya yana jiran wani. Ina tsammani ta gaji da neman wurin, ta sa nata.

Abin ranar Talata. Enoch ya ce in ɗaga matashinsa. Littafin ne, irin na malama, bangon ya goge. Tun ranar aurensa yake da shi. "Na san babu su a ciki tun kana da haƙora, Jabez. In ka tsallake su zan tashi in kunyata ka gaban jama'a."

Na ji daga 'yan mashaya, na ji daga fasto, na gani a takarda, duk ina gardama a raina. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, ban iya musa masa ba: Enoch Metcalfe.