Annurin da Baba Yake Gani a Ƙwan Fitila

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yara. Mu nan kowa lafiya, sai kewarku. Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa, ka san kuwa alamar lafiya ke nan.

Maganar idon Baba ce ta sa na ɗauki biro. Tun bara yake ce mana fitilun zamani sun fi na da kyau, wai kowane ƙwai annuri yake fitarwa. Ni a sanina fuskar mutumin kirki ake cewa tana da annuri, sai na ce ya kwatanta mini. Ya ce haske ne mai tsinke-tsinke, yana bazuwa ta kowane gefe kamar haƙoran mataji. Na dubi ƙwan shagonsa, wallahi ban ga komai ba sai ƙura. Ya ce ai mu yaran yanzu ba mu iya kallo ba!

Muna ta dariya, ashe abin ba na dariya ba ne. Agogunan mutane suka taru a kan teburinsa, ƙaramin noti ya gagare shi kamawa, masu kaya suka fara zuwa suna karɓe abinsu ba gyara. Ranar da na iske shi yana laluben hantsaki alhali yana gabansa, sai da na fita waje na yi kuka. Ka san Baba, rufe shagon nan daidai yake da kwantar da shi.

Da ƙyar Goggo ta ja shi wurin likitar ido. Likitar ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ita ke watsa hasken, ba fitila ba. Baba ya murje ido ya ce shi ba mai taɓa masa annurinsa. Goggo ta ce to ya zauna ya ci annuri, maƙwabcinsa ya kwashe masu agogo. Jin haka ya miƙe, wai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

An yi aiki, alhamdulillahi. Da aka cire bandeji ya ƙura wa Inna ido, ya tambaye ta yaushe ta yi furfura haka ba ta gaya masa ba. Har yau ba ta huce ba.

Jiya ya buɗe shago. Ya ce in gaya maka agogon nan naka da ya mayar maka ya ce ba ya gyaruwa, ka aiko da shi. Lafiyar agogo ƙalau, shi ne bai gani ba, kunya ta hana shi faɗa.

Ka gaida matar Yaya, da takwarar Inna, da ɗan autanku. Kawu direba yana gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Autar Baba