Na Sauke Injin Jirginmu

Zuwa ga Yaya Umaru, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya ciwon ƙafar nan, yaya kuma ɗinki? Mu nan Gusau sai godiya.

Dalilin takardar nan shi ne jirgin saman da muka ƙera a bayan gida. Ka tuna injinsa na farko, na babur, wanda bai taɓa ɗaga shi ba sai korar awaki, kana dariya kana cewa, "Garba, keke muka ƙera ko jirgi?" Na biyun, na motar nan mai siffar kunkuru, shi ya ɗauke ni shekara da shekaru, ina bin 'yan littattafan nan na koyon tuƙin jirgi ba tare da tsallake layi ba.

Bayan girbi na tashi zuwa Tsafe. Ina saman duwatsu na duba allurar da ke nuna yawan mai, na kasa ganinta. Injin lafiya lau, idona ne. Na juyo gida. Da Inna ta ji, ta ce, "Ya isa haka, ɗan nan."

Na kwance injin na ba wani manomi a Bungudu, ya haɗa shi da famfon ban ruwa. Nakan je bakin fadamar in zauna in saurare shi.

Fukafukan suna rataye a zaure. Inna tana son yadin da ke jikinsu ta yi rumfa, amma ɗinkinka ne, ko zare ɗaya bai taɓa warwarewa ba. Ba zan sa almakashi ba sai ka yarda.

A sa ni a addu'a. A gai da Hajiya da yara.

Ƙaninka, Garba.