Zif ɗin Baya

Litinin, 3 ga Maris
Baƙi shida sun iso tsibirinmu Senja, a ƙasar Norway, daga Jamus, sati guda za su yi suna nutso. Baba ya tare su da kofi da busasshen kifi. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma ya ce shi zai ja su ƙasan teku kamar kullum.

Laraba, 5 ga Maris
Har yanzu haƙorana na karo.
Rigar nutso zif ɗinta a baya yake, hannun mutum ba ya kaiwa, sai wani ya ja masa. Tun ina 'yar sha shida Baba ke ja mini, ya daki kafaɗata sau biyu, wato an rufe. Yau ya daka, na faɗa ruwa. Mita goma ƙasa na ji ƙanƙara ta tsargo mini ta gadon baya. Wayyo! Rigar ta cika, ƙafafuna suka mutu. Da ƙyar Ragnhild mai tuƙa jirginmu ta jawo ni kamar buhun dankali.
Bai ja zif ɗin har ƙarshe ba. Saura taƙi ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ce masa rigar ce ta tsufa. Ƙarya nake.

Juma'a, 7 ga Maris
Ragnhild ta tsare ni a ɗakin tukwanen iskar nutso. "Ke Torunn, makauniya ce? Kalli hannun Babanki in ya ɗauki kofi, ba ƙarfi. Yau bayanki, gobe bayan baƙo. Ko sai mun tsamo gawa?"
Na ce ta yi harkar injinta.
Gaskiyarta, shi ya sa nake jin haushinta. To ta yaya zan ce wa mutumin da ya koya mini numfashi a ƙarƙashin ruwa ya zauna a tudu? Tun rasuwar Mama teku kaɗai ya rage masa. Tsoro nake ji. Tsoron ruwa, ni!

Asabar, 8 ga Maris
Iska, ba fita. Na hango Baba ta taga yana ja wa rigata zif a kan ƙugiya, yana buɗewa, yana sake ja. Ashe ya sani.

Litinin, 10 ga Maris
Na juya wa Baba baya kamar kullum. Ya ja. Na jira duka biyun nan, shiru.
Sai na ji ya ce, "Ragnhild, zo ki duba mini bayan yarinyar nan."
Ta duba, ko tsokana ba ta yi ba. Ita ta daki kafaɗata.
Bai sa tasa rigar ba. Wai dole wani ya tsaya ya tsare kofi kada ya huce.
Ni na ja baƙin yau. Ruwan garau, mun ga ƙaguwa manya-manya. Gilashin fuskata ne dai ya yi ta damuna da hazo, ba dai ƙwalla ba ce, ina jin sai na sake wani.