Motar Kawu ta Sha Toka

Zurmi, Laraba

Zuwa ga aminina Jaji,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen tashar Ƙaura. Mu nan sai godiya.

Ka san tun da Shari'a ta zo aka hana mu ɗaukar mata a kabu-kabu, babur ɗina ya koma abin jingina tabarma. To, Kawu Mainasara na Shinkafi, ƙanen Inna, ya tausaya. Ya kawo mini mota Fijo ruwan bula, ya ce in riƙa jigilar mata tsakanin Zurmi da Ƙaura. Sharaɗinsa guda ne, zai zo ran Juma'a ya ga yadda na riƙe ta, in ya gamsu mabuɗi ya zama nawa.

Na bi abin da ka koya mini. A inuwar dalbejiya nake wanke ta, ba a rana ba, don kada ruwa ya bushe ya bar zane. Ina fara watsa ruwa zalla ƙasa ta sauka kafin tsumma ya taɓa fenti. Daga sama nake farawa, taya ce ƙarshe, kuma tsummanta daban. Man gogewar nan na gwangwani, na zauna na haɗa baƙaƙen da ke jikinsa da kaina har na gane: a shafa kaɗan, a bari ya yi fari, a murza da tsumma mai laushi. Jaji, sai da na ga haƙorana a boneti! 'Yan zaman kashe wando na ƙofar gidanmu suna cewa na mai da mota amarya. Su da ko keke ba su da shi.

Ka gaida kowa.

Naka,
Mahmuda

Zurmi, Alhamis

Jaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safe na ɗauki taya a babur na tafi Moriki a sa mata iska. Na dawo na tarar da Inna da maƙwabciyarmu Kulsumu sun ɗaura zane a ƙirji, sun kewaye motar. Toka, Jaji! Toka da yashin gulbi da soson ƙarfe, irin wanda ake dirje gindin tukunya. Inna ta ce ta ga kwana biyu ina shafa ta kamar mai jin tsoronta, to ba haka ake fitar da dauɗa ba, kuma ba za ta bari ƙaninta ya zo ya ce ɗanta ƙazami ne ba. Boneti da ƙofofin hagu sun koma kamar bayan ƙwarya. Gilashin gaba duk zane. Da suka ga hasken ya mutu, sai suka bi ta da man gyaɗa kamar yadda suke yi wa akushi. Yanzu ƙuda da ƙasa sun manne ko'ina.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wa Inna abin da ba ta sani ba ta bar shi, mota ba tukunyar tuwo ba ce, kuma jahilci ne zai kashe mu a gidan nan. A titi na faɗa, gaban Kulsumu da duk wanda ke da kunne. Inna ta zubar da sauran tokar, ta ɗauraye hannu, ta shige.

Na wanke man da ruwan sabulu, na shafa na gwangwanin har ya ƙare. Zanen yana nan. Don Allah akwai abin da ke rufe shi kafin gobe? Aiko mini ta hannun direban da ya kawo wagga takarda.

Naka cikin tashin hankali,
Mahmuda

Zurmi, Asabar

Aminina Jaji,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar gida. Saƙonka ya iso cewa sai dai sabon feshin fenti. Na gode.

Kawu ya zo jiya bayan masallaci. Na tsaya gefen motar. Ya zagaya ta, ya shafa boneti, ya shinshina yatsansa. Sai kawai ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ya ce shi ma da wannan tokar Inna ta dirje shi yana yaro, kuma akwai mai feshi a Gusau da zai mayar da ita kamar ba a yi ba. Wallahi na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Ya shiga ya gaida Inna, ya daɗe. Da ya fito babu dariya. Ya miƙo hannu, na ɗauka musabaha ce, ashe mabuɗi yake nufi. Inna ba ta gaya masa komai ba, a masallaci ya ji, don duk Zurmi ta ji, ganin fuskarta ne ya tabbatar masa. Ya ce motar nan mata za ta ɗauka, tsofaffi da masu goyo, masu zubar da kunu a kujera, masu manta inda za su sauka. Wanda ya kira yayarsa jahila a titi saboda fenti, ba zai ba shi iyayen wasu ya rufe a mota ba.

Ina tsaye, Jaji, ya ja motarsa zuwa Shinkafi.

Na durƙusa wa Inna jiya. Ta ce ta yafe, ta tambaye ni ko na ci abinci, ko kallona ba ta yi ba. Kada ka je wajen Kawu roƙo. In za ka zo, wajenta za ka zo, kai tana jin maganarka.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Mahmuda