Ƙafar Mama Ntuli a Ƙofarmu

Durban

Yaya Tiyamike,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya masarar bana a Zomba? Lafiyata lau, ku daina sauraron rediyo.

Ran Lahadi matasan unguwa suka zo da sanduna, za su kori baƙi irinmu 'yan Malawi. Kansilarmu, Mama Ntuli, ta zauna a bakin ƙofarmu ta miƙe ƙafa, ta ce, "Wanda ba mace ta haife shi ba, ya tsallake ni." Wa zai tsallake ƙafar babba? Suka watse.

Jiya jam'iyyarta ta hana ta sake takara, wai matsoraciya ce. Mai zaginmu a lasifika suka tsayar, wai shi ne jarumi.

Ku sa ta a addu'a. Da takalmi nake kwana yanzu, amma don sanyi ne.

Ƙaninki,
Mphatso