Hannun Da Na Ƙi Miƙa Wa Yayanki

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan sanyi a bakin mai ƙishi, uwar 'ya'yana!

Maƙwabcinmu tela ne ke rubuta mini wannan, na kuma hana shi gyara ko kalma ɗaya. Tun ranar gasar ces, darar Turawan nan mai sarki da dawakai, da kika bi yayanki gidansa, ɗakin nan ya zama kango. Ina daɗin shayi in ba hannunki ne ya motsa shi ba?

Kin tuna safiyar nan? Ke kika goge mini riga, kika daidaita mini hula, kika ce in yi wasa kamar dattijo. Sai ƙuri'a ta haɗa ni da yayan naki, mutumin da ya kira ni mai dangwala yatsa a gaban 'ya'yana! Wallahi na gama da shi, kowa ya gani. Na kwashe masa dawakai, na kwashe sojoji, sarkinsa kaɗai ya rage a lungu. Taku ɗaya zai kashe zance. Amma ina! Na ce sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Na tura soja har ƙarshen allo ya zama sarauniya ta biyu, don kawai in ja masa rai. Ashe na toshe wa sarkin kowace hanya ba tare da na kai masa hari ba. Alƙalin wasa ya ce a doka canjaras ke nan. Canjaras, da sarauniya biyu a hannuna!

Yayanki ya miƙo hannu mu gaisa, na ture allon. 'Ya'yan darar suka watse ƙarƙashin kujeru. Na ɗago, sai na ga kin rufe fuska da mayafi, ke da ba ki taɓa sunkuyar da kai don kowa ba. Kaicona! Furfura cike da kai, hankali na ɗan yaye. Rufe fuskar nan ta fi mini mari zafi.

Ban ce yayanki yana da gaskiya ba, har gobe bakinsa ba linzami. Amma ke fa, me kika yi mini, ya farin watana? Ki yafe, ki dawo. Gobe da hantsi zan zo ƙofarsa da hannuna a miƙe. Roƙona ɗaya ne: ki fito ki tsaya inda zan hango ki. Na san halina. In ban ga fuskarki ba, hannun nan aljihu zai koma.

Naki ke kaɗai har numfashi ya ƙare,
tsohon kafintanki mai taurin kai.