Dalilin Hutun da Auta Zai Zo Yi

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da kowa na gidan. Yaya gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau. Baban yara ya warke daga murar da ta kwantar da shi, ƙaramarmu kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a kan tebur.

Gwaggo, ɗanki Auta zai iso wurinki cikin makon nan, zai ce miki hutu ya zo. Hutun ne, amma ba shi ya nema ba, kuma ina so ki ji dalili daga bakina, domin na san shi ba zai ambaci sunana ba.

Kin sha tambayata wane irin aiki ne na samo masa a ofishinmu. Masu shirya manhaja suna rubuta umarni, amma na'ura ba ta jin rubutunsu sai an juya mata shi zuwa nata yaren. Manhajar da ke wannan juyi ita muke ginawa. Kompaila ake ce mata, mu kuwa tafinta muke kiranta. Wani lokaci tafintar kan rikice a cikin kanta, rikicewar da ba ta gyaruwa. A nan doka ɗaya ce: ta tsaya cak, ta faɗi inda ta rikice, ta share rabin aikin da ta yi, kada ta miƙa wa kowa komai. Tafintan da ya ce bai gane ba ai ya fi wanda ya ƙirƙiro magana. Wannan sashe na tsayawa shi aka damƙa wa Auta, ni kuma nake duba aikinsa kafin ya fita.

Kwanakin baya tafintar ta riƙa tsayawa duk lokacin da aka ba ta babban aiki. Laifin ba nasa ba ne, can ciki matsalar take, sashensa yana yin abin da aka sa shi ne kawai. Amma kin san ni da shi, ɗan gwaggo da 'yar kawu, tun muna yara ba ma raga wa juna. A ɗakin cin abinci, gaban abokan aiki, na ce tafintar Auta ta fi shi ragwanci, da ta ga aiki sai ta sume. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Washegari na sake, har wasu suka fara kiransa mai suma. Na manta cewa wasan tsakar gida daban, na gaban baƙi daban, musamman ga wanda bai daɗe da kama aiki ba.

Sai ya je ya canza sashen. Maimakon ta tsaya, ya sa ta rubuta ɗan gargaɗi ta ci gaba. Ya turo mini in duba. Lokacin tashin yara daga makaranta ya yi, jakata na kafaɗa, na leƙa sama-sama na amince. Har na ce masa yau dai an yi maganin suma.

Cikin masu amfani da tafintarmu akwai wani kamfani da ke ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Suka juya manhajarsu da ita, ta rikice a tsakiya, ta rubuta ɗan gargaɗin da ba wanda ya lura da shi, ta ba su abin da ya yi kama da daidai. Injin ya daina rage zafi idan ya yi yawa. Wata mata mai kiwon kaji ta zuba ƙwanta, ta jira, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. An nuna mana hoton ƙwan jere a kan tire. Ke da kika yi kiwo kin san abin da wannan yake nufi.

Da shugaban sashe ya tara mu, ya tambayi wanda ya cire tsayawar. Auta ya miƙe ya ce shi ne, kuma ba wanda ya sa shi. Ina zaune kusa da taga, na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai. Aka dakatar da shi. Sai da aka watse na bi shugaban zuwa ofishinsa, na gaya masa ni na duba, ni na amince, kuma bakina ne ya tura shi. Ya saurare ni, ya karɓe aikin dubawa daga hannuna, amma ya ce hukuncin Auta ya riga ya fita, sai wata mai zuwa za a sake zama. Gaskiyar da ta zo bayan an tashi taro rabin gaskiya ce, na sani.

Mun mayar da tsayawar yadda take, mun kuma gano ainihin abin da ke rikita tafintar. Ƙwan matar nan dai ba su dawowa. Na je gidan Auta don in ba shi haƙuri. Ya shimfiɗa mini darduma, ya sa matarsa ta kawo ruwa, ya ce ba komai, ranki ya daɗe. Gwaggo, tunda aka haife shi bai taɓa ce mini haka ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Roƙona shi ne, idan ya zo kada ki yi masa faɗa. In faɗan ya zama dole, ki ajiye mini nawa, zan zo in karɓa da kaina.

Ki gaishe mini da Kawu, da Yaya Babba da maigidanta, da Inna ta ɗakin baya, da 'yan biyu. Baban yara yana gaishe ki da kyau. Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Taki har kullum,
'Yar ƙaninki